Ajiyar baƙin mai a garejina, daga hunturu har damina

Alhamis 28 Nuwamba 2024

Yau kayan suka sauka. Katan 10 na 20W-50 mai lita ɗaya-ɗaya na moto, kowane katan jika 21 (jika ɗaya sefa dubu ce), sai katan 4 na galan mai lita 5 15W-40 a kan jika 36, da tono guda, wato durom, na SAE 40 mai lita 208 jika 310, kuɗin mota da ƴan dako jika 15. Duka jika 679, kusan duk jarin da na tara ne na zuba a ciki. Da can katan biyu-biyu nike saye a nan cikin gari, to ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma duk sanda canjin naira ya motsa ko hanyar Kano ta samu matsala sai farashi ya tashi a bar ka kana ba ƴan kabu-kabu haƙuri. Muna da matatar mai ta SORAZ a nan kusa da mu a Damagaram tun 2011 amma esans da gazuwal da gas take fiddawa, baƙin mai dole daga nesa yake zuwa.

Abin da ke damuna shi ne garejin. Bangon bulo, rufin kwano babu silin, ƙofa tana kallon yamma. Kayan nan a lissafina za su kai ni har cikin damina, ke nan za su sha sanyi su sha ƙura su sha zafin bazara duka a wuri guda. Shi ya sa zan riƙa rubuta abin da na gani.

3 Disamba

Na samo katakon palet guda 3 a kasuwar Dole jika 6, an ɗaga katan ɗin daga ƙasa. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi jika 2 da rabi na rataye a bango kusa da kayan.

17 Disamba

Sanyi ya kankama. Da asuba in na buɗe ma'auni yana 13 ko 14, da la'asar ya hau 30. SAE 40 na tono da safe sai ya yi kauri kamar zuma, famfon hannu da ƙyar yake jawo shi, yaron gareji sai ya sa hannu biyu. Wani ɗan kabu-kabu da ya zo bidanji, wato canjin mai, da sassafe ya tsaya yana kallo ya ce Maigida wannan man naka ai ya daskare, ko ya lalace ne? Na ce masa ƙanena ba naka ba ne wannan, na injin niƙa ne da gurup, wato janareta, kuma lafiyarsa lau, dawo da azahar ka gani. Na buɗe masa nasa 20W-50 ya ga yadda yake zuba ba gardama. Lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu in yana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne sanda inji ya ɗau zafi, an auna shi a digiri 100. SAE 40 lamba ɗaya gare shi shi ya sa sanyi ke kama shi haka. Sanyin Damagaram kam bai isa ya yi wa baƙin mai komai ba, sai an gangara ƙasa da sifili sosai kafin ya ƙi zuba, mu kuwa ko kusa ba mu zuwa can.

Amma akwai abu guda da na lura da shi kuma ya shafi haƙƙin mutane. In mai ya yi kauri yana maƙalewa a jikin gwangwanin awo, ka zuba lita ɗaya ka ɗauke da wuri to wani abu ya rage a ciki, mai injin ya biya lita bai samu lita ba. Na ce da yaro daga yau in safiya ce a bar gwangwani kife a bakin mazurari har ya tsane, ko da mutum yana sauri.

9 Janairu 2025

Hazo ya rufe gari tun shekaranjiya, rana ma sai ka kalle ta da ido ba ta kashe maka shi. Jiya da safe na sa yatsa cikin mazurari na murza sai na ji ƙasa-ƙasa tsakanin yatsuna, na duba gwangwanin awo haka, bakin famfon tono haka. Duk inda mai ya taɓa ƙura ta manne ta yi wani laka ja-ja. Wannan ya tayar min da hankali fiye da maganar sanyi, don ƙurar nan yashi ce, in ta shiga inji tana cin zobe da silinda a hankali a hankali, mai moto ba zai sani ba sai bayan wata da watanni ya ga hayaƙi, sannan ya ce man da aka sa masa ne marar kyau. Kuma ƙananan moto irin su Kasea da Haojue ƴar raga ce ke tace musu mai, ƙura mai laushi wucewa take abinta.

Robobin da ba a buɗe ba babu ruwansu da wannan, sai dai a goge kafaɗarsu kafin a ɓalle murfi, in ba haka ba ƙurar da ke kai ita za ta fara zubawa. Matsalar tana ga kayan awo da galan ɗin da aka fara. Na sayi bokiti mai murfi jika 1 da rabi, mazurari da gwangwani suna kwana ciki kuma ana zubawa a maida su nan take. Bakin famfo na ɗaure shi da leda da roba. Tsumman goge hannu daban, na goge bakin galan daban. Yaro ya ce Maigida aiki ya ƙaru, na ce ya ƙaru kam.

21 Janairu

Ba wani abu. Ƙura dai, shara safe da yamma. Katan 2 sun ƙare.

8 Fabrairu

Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta ranar da kaya suka zo a jikin kowane katan, galan kuma in an buɗe a rubuta ranar buɗewa a jikinsa. Wanda ya fara zuwa shi zai fara fita. Wasu manyan kamfanonin mai suna cewa in ba a buɗe roba ba kuma an ajiye ta a inuwa tana iya kai shekara 5, to ni wata 9 nike nema, wannan ya ɗan kwantar min da hankali. Wanda aka buɗe ne ba na son ya daɗe, iska ta riga ta shiga.

Wani mai taksi ya bar min ragowar man motarsa ya ce in ba wani mai moto sadaka. Ban sa wa kowa ba. Kulocin moto a cikin mai yake wanka, man mota mai sulɓi yana iya sa shi zamewa, shi ya sa nike duba a ga an rubuta JASO MA a jikin na moto. Na ajiye masa abinsa har ya dawo bidanji.

12 Maris

Azumi, aiki sai da safe da bayan sha ruwa. Ma'auni ya fara taɓa 39 da rana. Na sa an shimfiɗa zana 4 ƙarƙashin kwano daidai saman kayan, zana da waya da kuɗin aiki jika 9.

10 Afrilu

To bazara ta zo da gaske. Jiya ƙarfe 3 ma'auni ya nuna 47 a cikin gareji, da zanar da komai, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke waje kuwa 42. Bangon yamma in ka jingina baya sai ka zabura, kuma katan ɗin a jikinsa suke tun Nuwamba don can ne wurin da babu giftawa.

Da na sauke katan na sama sai na tarar na ƙasa ya lotsa. Roba in ta sha zafi tana laushi, nauyin katan 4 a kanta, ga iskar da ke cikinta ta kumbura tana turo murfi. Robobi 7 sun yi gumi ta wuya, mai ya jiƙa kwali ya yi baƙi, biyu daga ciki sun ragu har ana gani in an ɗaga su a haske. Man bai canza ba, kala da wari duk yadda suke, amma wa zai sayi roba mai maiƙo da takarda a ɓare? Kowa zai ce an buɗe an haɗa da wani abu, kuma ba zan ga laifinsu ba don jabu ya yi yawa a kasuwa. Waɗannan sai dai in yi bidanji da su ga waɗanda suka san ni, in nuna musu hatimin murfi bai karye ba, biyun da suka ragu kuma in cika daga wata a gabansu.

Tono kuma yana wani abu da magariba, sai ka ji ƙam! kamar an doke shi, murfinsa na sama ne ke lotsawa ciki in ya huce, da hantsi ya sake bugawa ya kumburo. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya lissafa min, ya ce baƙin mai yana ƙaruwa wajen kashi 0.07 cikin ɗari a kowane digiri, ke nan lita 200 in zafinsa ya hau da digiri 25 ya ƙaru da lita 3 da rabi, iskar da ke samansa kuma ta fi shi kumbura nesa ba kusa ba. Da rana tono na fidda iska ta bakinsa, da dare ya shaƙo wata. Yanzu da ya rage rabi iskar cikinsa ta fi yawa, shaƙar ma ta fi ƙarfi.

Maƙwabcina mai shago ya tambaye ni wai ba ka tsoron man nan ya kama da wuta da wannan zafi. Na ce Alhaji baƙin mai sai ya wuce digiri 200 kafin tururinsa ya kama wuta, a cikin inji ma yana kai 100 kullum yana aikinsa. Abin tsoro kwalaben esans na mai ruwa-ruwa ne da ke jere kusa da ƙofata, da tarin tsummokara masu mai da muke jefawa a lungu. Na roƙi yaron mai esans ɗin ya matsa da teburinsa can gaba ya yarda, tsumma kuma yanzu cikin tsohon gwangwanin fenti mai murfi. Na ajiye bokiti 2 na yashi bakin ƙofa, wutar mai ba a zuba mata ruwa.

14 Afrilu

Na maida katan duka bangon gabas, uku-uku kawai a tsaye, da tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Na yi magana da magini.

26 Afrilu

An gama ɗan ɗakin ƙasa a lungun gabas cikin garejin, taku 3 da taku 2, tubalin laka, rufin itace da tabarma da ƙasa a sama irin na gidajen Birni, ƴar taga ƙarama can sama don iska. Tubali 400 jika 20, itace da tabarma jika 14, tsohuwar ƙofar ƙarfe jika 12, magini da lebura jika 18, ruwa kuma jika 5 don sai da aka yi ta sayen bido a kura, kun san yadda ruwa yake a garin nan in bazara ta yi. Jimla jika 69. Magini ya so ya yi min da bulo wai ya fi kyau, na ce Malam ba kyau nike nema ba sanyi nike nema.

Na maida ma'auni ciki. Yau da la'asar 37 a ɗakin, da na fito da shi gareji ya hau 46. Abin da ya fi burge ni ma da asuba yana 32, wato tsakanin dare da rana digiri 5 ne kawai, a gareji kuwa ana samun kusan 20. Wannan hawa da saukar ita ke sa roba kumbura da motsewa har murfi ya saki. Katan da galan duk sun shiga. Tono bai shiga ba, ƙofar ta yi masa kaɗan ga famfo a kansa, yana nan waje ƙarƙashin zana.

15 Mayu

Zafi sai addu'a. Ba robar da ta sake gumi tun da suka shiga ɗaki.

Na sayi roba guda sabuwa irin markar tawa daga wani shago don in gwada. Na ɗiga ta a farar takarda, na ɗiga ta Nuwamba kusa da ita, na karkata takardar. Kala ɗaya, gudu ɗaya, wari ɗaya. Na zazzage tsohuwar duka cikin kwalba mai haske ba gurɓi a ƙasa. Wannan gwajin ido ne kawai amma da ya yi duhu ko ya yi tsami-tsami da an gani. Galan na 15W-40 da aka buɗe tun Fabrairu ya rage kamar lita ɗaya, shi ma ƙalau, na ƙarar da shi yau.

Masu jera robobi a tebur bakin titi cikin rana tun safe har yamma, ni dai abin ba ya min daɗi. Takarda ta koɗe ba ka iya karanta lamba, robar kanta rana na cinye ta har ta fara tsagewa, ƙura a wuya. Da su jera wofi guda uku a matsayin talla su bar na sayarwa a inuwa da ya fi musu. Na faɗa wa biyu da muke mutunci, ɗaya ya ji.

19 Yuni

Wannan ita ce asarar da ta fi min ciwo tun da na fara. Daren Asabar hadari ya taso daga gabas, iska da ƙura tukunna sannan ruwa, ta ɗage kwano ɗaya daidai saman tono ta yar bayan gareji. Da safe muka tarar zana ta jiƙe sharkaf tana ɗiga, ruwa ya taru a saman tono cikin da'irar bakinsa har ya rufe ƙaramin murfi da gindin famfo. Muka tsane shi da tsumma, na taɓa murfi yana ɗaure tamau, na ce Alhamdulillahi. Aka maida kwano jika 4.

Jiya mai injin niƙa ya aiko yaronsa da bido a ba shi lita 4. Yaron gareji ya buga famfo sai ya tsaya ya ce Maigida zo ka gani. Man ya fito fari-fari ya dushe, ba ya ɗaukar haske. Na maida wa yaron kuɗinsa na ce ya gaya wa maigidansa ya yi haƙuri yau babu. Na ɗora tsohon faranti na ƙarfe a kan gawayin mai shayi ya yi zafi, na ɗiga man, sai tas-tas-tas yana tartsatsi. Na ɗiga na roba shiru, ya baje kawai. Ruwa ne ba tantama.

Na je wajen wani dattijon makaniki da ya yi aikin manyan motoci shekara da shekaru na ba shi labari. Na ce Baba murfin fa a ɗaure yake. Ya ce yaro ɗaurin murfi ba ya hana tono shan ruwa, tono ya wuni da zafi, ruwan sama mai sanyi ya sauka a kansa, iskar ciki ta motse lokaci guda, to me zai ja in ba abin da ke bakinsa ba, ta zaren murfin nan yake tsotsa. Ya ce su a da ba su taɓa barin tono a tsaye in ba cikin ɗaki ba, kwantar da shi ake a kan katako, murafun biyu su zo daidai da juna a gicciye, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda mai zai rufe su ta ciki. In kuwa dole ya tsaya, a sa masa itace ta gefe ɗaya ya karkata ruwa ya gangare nesa da murfi.

Da sandar awo abin da ya rage kamar lita 55 ne. Baba ya ce ruwan zai kwanta ƙasa in an bar shi amma ba duka ba, don sinadaran da ke cikin man suna riƙe shi, kuma ruwa yana ɓata su. Mai irin wannan in ya shiga inji tsatsa ne da laka da cin ƙarfe. Ba zan sa wa kowa shi ba ko da an rage kuɗi.

2 Yuli

Na bar shi ya kwanta, na zuƙo na sama da tiyo cikin bido, a ido ya washe amma a faranti har yanzu yana ɗan tartsatsi. Shi ke nan. Na sayar da shi duka ga wani kafinta da masu shafa wa itacen rufi saboda gara, a kuɗin da bai fi na man juye da yawa ba, jika 16. A kuɗin da na saye shi lita 55 ta haura jika 80, to asarar ta kai jika 65 da ɗoriya. Ɗan abin da ke gindi mai ruwa sosai na zuba cikin tonon man juye, ban yarda a zubar a kwata ba, ruwan damina zai kwashe shi zuwa tafki inda dabbobi ke sha.

16 Yuli

Mai walda ya haɗa min gadon ƙarfe na kwantar da tono, tsayinsa daidai yadda gwangwanin awo zai shiga ƙasa, jika 22 har da kan famfo na tagulla da za a ɗaura a ƙaramin baki. Wanda ake ɗiba kullum dole famfonsa ya zo ƙasa, babban murfi a sama, don haka shi ma ɗaki yake so. An sake ɗaure kwanon rufi duka da ƙusa mai hula da waya, jika 7.

9 Agusta

Ruwa ya zauna. Ɗakin ƙasa yana 29 zuwa 31 amma akwai laima, kwalaye sun yi laushi, kuma gara ta hau ƙafar palet ɗaya ta fara cin katan na ƙasa, yaro ne ya ga hanyarta a bango. Robobi lafiya. Na fidda su daga kwali na jera a kan kanta ta ƙarfe da na saya hannu jika 10, palet ɗin an kai waje. An yaɓe inda ya zaizaye a gindin bango.

23 Agusta

Ya rage roba 9 na moto da galan 1. Daga cikin roba 120 da galan 16 ba ko ɗaya da man cikinta ya lalace, sai bakwai ɗin nan da suka yi gumi kafin a gina ɗaki. Duk abin da na rasa a tono na rasa shi. In na cire asarar da kuɗin zana da gyaran rufi, ribar sari ta kusa biyan kuɗin ɗakin, gado da kanta kuma suna nan don gaba.

Sari na gaba sai bayan ruwa ya ɗauke, cikin Oktoba in Allah ya kai mu. SAE 40 zan fara da bido mai lita 20 guda 5, a buɗe ɗaya ya ƙare kafin a taɓa wani, duk da lita ta fi tsada a haka. Tono sai an faɗaɗa ƙofar ɗaki gadon ya shiga, magini ya ce jika 15 zai yi har da daɓen siminti saboda gara. Zai zo ya duba ranar Litinin.